Shirun Shekarau a Jan Tsandauri

Da sunan Mai shimfiɗa ƙasa, Mai ɓoye taskoki a cikinta, Mai ba wanda Ya so Ya hana wanda Ya so. Ku matso ku ji, ku da kuke zaune a inuwa da randa kusa da ku. Ni ne Nomau mutumin Kwarin Gamji, masaƙin tabarmi, wanda ya taka ƙasar Jan Tsandauri ya fito da ƙafafunsa. Abin da zan faɗa da idona na gan shi. Wanda ya ga ƙarya ce ya tashi ya ba mai son ji wuri.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da yayana Shekarau mai haƙar rijiya. Allah ya ba shi ƙarfi, ya ba shi surutu. Yana can ƙasan rijiya ma kana jin muryarsa daga bakin kasuwa, yana ba guga labari. Wata shekara wani baƙo ya sauka garinmu da zancen wani dutse wai shi idon raɓa, wai a cikinsa akwai launin wuta da na ɗanyen ganye da na sararin sama, wai sarakunan gabas ba sa naɗa rawani sai da shi. Tun daga ranar Shekarau bai sake zama wuri ɗaya ba.

"Shekara da shekaru ina haƙa wa mutane su sha ruwa su manta sunana," in ji shi. "Sau ɗaya dai in haƙa wa kaina."

Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi lallashi, ina. Da ta ga ba ya juyuwa sai ta kira ni ɗakinta ta ce, "Nomau, bi shi. Dutsen nan ko an kawo mini ban san abin da zan yi da shi ba. Shi nake so ka dawo mini da shi." Na ce, "To, Inna." Raina a ɓace na fito, don ban ga dalilin da zan bar saƙata in bi mai taurin kai ba. Amma na riga na amsa.

Muka haye teku a jirgin fatake, muka sauka a gaɓar Jan Tsandauri inda baƙon ya ce dutsen yake, ƙasa ce da ba ta da sarki ba ta da gona. Ja ce wur, shimfiɗe har inda ido ya gaza, ba tudu ba inuwa. Akwai wata dabba a can mai kan barewa, tana tsalle da ƙafa biyu, ɗanta na leƙe daga wata jaka a cikinta. Akwai tsuntsu da ya fi ni tsawo, ba ya tashi, sai gudu da kallon raini. Ƙudaje kuwa, Allah wadaran ƙudajen ƙasar nan, har cikin ido suke bin mutum neman abin sha.

Doki ba ya rayuwa a can, raƙumi ma gazawa yake. Da keken iska ake tafiya, wani dogon amalanke mai ƙafa huɗu da sanda a tsakiya, an ɗaura mata tabarma, iska na tura shi. Iskar kuwa ba a shawara da ita. Rabin shekara tana kaɗawa zuwa cikin ƙasa, rabin shekara zuwa teku, kuma keke ba ya komawa inda iska ta fito. Muka shirya da wani mai keke ɗan ƙasar, sunansa Barmo, a kan ya kai mu ya ci da mu, in an samu dutse yana da rabonsa.

Wahalar farko a Tafkin Gishiri ta same mu. Tafki ne da ya mutu, samansa farin ɓawo, ƙasansa baƙin taɓo da ba wanda ya san zurfinsa. Muna tsakiya ɓawon ya ce ƙaras, ƙafafun baya suka nutse. Barmo ya kama salati, ya ce kakansa ma a nan ya tafi. Ni haushi ya hana ni jin tsoro. Na hau sanda na kwance tabarmar, na yanka ta gida-gida muka shimfiɗa a gaban ƙafafun, Shekarau ya shiga taɓo har ƙugu ya sa kafaɗa. In keke ya wuce tabarma, in ɗauko ta baya in kai gaba. Haka muka ja jiki har gaɓa, duk tsawon aikin nan yana ba mu labarin irin soron da zai gina wa Inna.

"Ka ga amfanin tahowa da masaƙi," ya ce. "Ƙanena, da na bar ka gida da yanzu kana can kana faɗa da kaba."

Na ce, "Yaya, don Allah ka tura."

Na ɗinke tabarmar a gaɓa, hannuwana duk gishiri ya tsattsage su.

Daga nan muka isa Birnin Rami. Ba ka ganin gida ko ɗaya, sai tarin farar ƙasa nan da can kamar suri. Mutanen a ƙarƙashi suke, da ɗakunansu da masallacinsu da kasuwarsu, saboda ranar wurin tana iya dafa ƙwai tun yana cikin kaza. A nan Barmo ya zaunar da mu ya gaya mana ƙa'idar masu tono.

"Idon raɓa da rai yake fitowa daga ƙasa," ya ce. "In ya bushe kafin a kai shi teku a tsoma shi a ruwan gishiri, tsagewa yake ya zama alli. Ruwan salka ba ya riƙe shi, sai yawun ɗan Adam. Saboda haka wanda ya samu a baki yake sa shi, ya yi gum har teku, abincinsa kunu ta tsakanin haƙora. Ba a tambayarsa, ba a buɗe masa baki. Ko da ido aka tambaye shi girgiza kai zai yi ya musa, don kada ɓarayi su gane. Ku dai in kun ga mutum ya yi shiru, ku ɗaura kaya."

Shekarau ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ai ni na shiga uku. Nomau, in na samu kai za ka riƙe mini." Barmo ya ce ba a haka, wanda ya tono shi ke ɗauka.

Muka shiga tono. Shekarau a ƙasa da dagi, ni a sama ina jan kwando ina tankaɗe ƙasa a rariya. Busassun duwatsu duk kamarsu ɗaya, sai an jiƙa launi ke fitowa, ruwa kuma ya fi ƙarfin a zubar, don haka kowace tsakuwa sai ka lasa. Na lashi tsakuwa har harshena ya tsage. Watanni suka shige ba mu ga ko ƙyalli ba. A ramin da ke kusa da mu akwai wani tsoho da ya zo tun ba gemu, yanzu ba haƙori, yana nan yana lasa, ya ce shi ma da ɗan'uwansa ya zo. Ban tambaye shi ina ɗan'uwan yake ba. Na fara tsanar ƙasar, na tsani baƙon da ya kawo zancen, wani lokacin har yayan nawa nake ji na tsana. Da iska ta fara alamar juyawa na ce masa, "Yaya, mu tafi gida. Ba abin da ke nan sai wahala." Ya ce rami ɗaya ya rage.

Wani tsohon rami ne da aka bari. Yana sauka ya taka guntun dagi mai tsatsa da aka manta a ƙasa, ya huda masa tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma, ya ce mai haƙar rijiya ba ya kiran wannan ciwo, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan wasu kwanaki, da hantsi, ya fito daga ramin bai ce uffan ba. Na ce, "Yaya, yunwa ce?" Shiru. Na dube shi. Muƙamuƙinsa a ɗaure tamau, leɓunansa sun ja baya, haƙora a waje kamar mai murmushi. Ya kama hannuna ya ɗora a kumatunsa, na ji tauri. Ya nuna bakinsa da yatsa, ya girgiza kai.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba, ban kuma sake ji ba. Na ce a raina an gama, mun samu, za mu gida. Barmo ya kalle shi sau ɗaya ya fara ɗaura kaya. Mutanen Birnin Rami suka yi ta leƙowa daga ramukansu suna bin mu da ido, tsohon nan marar haƙori ya zo ya shafa rigar Shekarau ya shafa a fuskarsa. Iska ta riga ta juya. Muka ɗaga tabarma muka nufi teku.

A hanya ya yi ta gurnani yana jan rigata. Ya nuna ƙafar, ya nuna bakin, ya girgiza kai. Na sake ɗaure masa tsumman na ce, "A bakin teku za a duba ta, ka yi haƙuri." Da ya iya rubutu da ya zana a ƙasa, to Shekarau tun yana yaro ya guji allo. Kunun da nake ɗura masa rabi zubewa yake. Ni kuwa sai tsokana. "Yau dai Allah ya kama ka, Yaya. Duniya ta huta." Hawaye na bin gefen idonsa, na ce ƙudaje ne, na kore masa su.

A wani matsatsin duwatsu 'yan tare hanya suka fito mana. Yadda suke aikinsu, kowane matafiyi sai ya yi sallama da baki, wanda ya kasa su sa wuƙa su ɓanɓare masa haƙora. Ni dabara ta zo mini. Na kwance tsumman ƙafar, na bar kumburin a fili, na faɗi gabansu ina kuka na ƙarya.

"Ku ji tausayinmu, yayana ba shi da lafiya. Ƙarfe ya taka, bakinsa ya sarƙe, ba ya iya magana."

Babbansu, wani mai furfura da suke kira Jatau, ya tsuguna. Ya shinshina ƙafar, ya danna wuyan, ya danna cikin. Sai ya tafa hannu da ƙarfi kusa da kunnensa, Shekarau ya zabura duk jikinsa ya sandare. Jatau ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ba dutse a bakin wannan," ya ce wa mutanensa. Ya juyo gare ni. "Samari, sarƙe-haƙora ne, shi ya kashe ɗana. Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu. Ku bi hagu zuwa Rijiyar Gawo, akwai wata tsohuwa Tabawa, tana da maganinsa in an kai mata da wuri. Kada ku wuce." Har salkar ruwa ya ba mu.

Muna ɓace musu muka fashe da dariya. Barmo ya buga mini kafaɗa ya ce, "Kai Nomau, ashe kai ma ɗan duniya ne." Na ce wa Shekarau, "Yaya, ka iya wasa, har da zabura." Da muka iso mararrabar ya yunƙura da duk ƙarfin da ya rage masa, ya kama hannun Barmo yana jan sa hagu. Barmo ya ce tsoron ɓarayin ne ya ruɗa shi, hagu ɓata lokaci ce, iska na iya mutuwa a bar mu a daji da dutse. Na rungume yayana ta baya na riƙe masa hannuwa har muka shige dama. Iska mai ƙarfi ce ranar, keken kamar zai tashi sama.

Washegari da rana tsaka ƙafar keke ta daki dutse. Shekarau ya banƙare kamar baka, ƙeyarsa da dugadugansa kawai ke taɓa katako, kumfa da jini na fitowa ta tsakanin haƙoransa. Idanunsa a kaina suke. A nan hankalina ya dawo jikina, na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

"Barmo, juya keken."

"In juya shi ina? Ka ga iska."

"Mutuwa zai yi."

"Dutsen ne, in mai ƙarfi ne yakan yi wa mutum haka. Ka bari mu kai teku."

Na shaƙe shi har idanunsa suka firfito, amma ko na kashe shi iska ba za ta juya ba. Na sake shi. Na yanki gefen tabarmar na kwantar da Shekarau a kai, na ɗaura igiya a ƙirjina, na juya baya na fara ja, iska na dukan fuskata. Barmo ya ɗaure kekensa ya biyo mu daga nesa, don rabonsa yana bakin yayana.

Ni da ba na son magana, ranar ni na yi ta yi. Na gaya masa na gane, na ce za mu kai wurin tsohuwar. Na ba shi labarin Kwarin Gamji gida-gida, wa zai yi aure, wa rijiyarsa ta rufta yana jiran sa. In na taka dutse tabarmar ta girgiza sai ya sandare, in tsaya in riƙe shi har ya lafa, in sake ja. Igiya ta ci mini fata, ruwan Jatau ya ƙare. Ban san ko saura kaɗan mu kai Rijiyar Gawo ba, ko da sauran nisa, har yau ban sani ba. Da la'asar, a gefen wani tsohon filin tono da aka watse aka bari, ya banƙare bai lafa ba. Na sa bakina a kunnensa ina maimaita kalmar shahada har na ji jikin ya saki.

Da rai ya fita muƙamuƙin ya kwance. Na buɗe bakin. Ba komai a ciki sai harshe da ya tattaune.

Ina durƙushe na ji takun Barmo a bayana. Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ina dutsen?" Ban juyo ba. Ya ce, "In babu a baki to ya haɗiye. Ƙa'ida ce, mai dutse in ya mutu a hanya farka cikinsa ake." Na ji ya zare wuƙa. Na san in na ce masa babu ba zai yarda ba, ba wanda zai yarda a ƙasar nan, duk Birnin Rami sun ga fitarmu. Ƙarfin faɗa kuma babu shi a jikina.

Na lalubi wata tsakuwa a ƙasa na jefa a bakina. Na juyo na dube shi, kumatuna a kumbure, na girgiza kai.

Barmo ya yi murmushi ya mayar da wuƙarsa kube. Na nuna masa hanyar keke da hannu, na nuna gawar na nuna ƙirjina. Ya ce, "Na gane, ɗan'uwa shi ke binne nasa. Ina jiran ka." Ya tafi yana 'yar waƙa.

Da ya ɓace na tofar da tsakuwar na yi kuka da murya. Ba ruwan wanka, taimama na yi masa, na naɗe shi a tabarmar da na ja shi a kai, na yi masa salla ni kaɗai. Filin nan ramuka ne birjik har iyakar gani, ba mai iya ƙirga su. Na san ranar da Barmo ya gane tsakuwa ce zai dawo da dagi, shi da wasu. Na ja gawar can cikin filin, ina karkata dama da hagu, na zaɓi rami na saukar da shi na rufe. Na tura ƙasa a wasu ramukan da ke kewaye don kada nasa ya fita daban. Na fito da baya ina share sawuna da riga, abin da na bari iska ta ƙarasa. Da na kai bakin hanya na waiwaya ina so in riƙe wurin a raina. Na duba, na sake dubawa, tarin farar ƙasa ne duk iri ɗaya. Ni kaina ban gane shi ba.

Na nemi wata tsakuwar na sa a baki na koma wurin keke. Har teku Barmo na ɗura mini kunu yana ba ni labarin matar da zai aura. A gaɓa, ana hada-hadar tashin jirgi, na kama hannunsa na tofa masa tsakuwar a tafi, na faɗa cikin fatake. Ina jin sa yana kiran sunana har ruwa ya raba mu.

Na shiga Kwarin Gamji da hantsi. Labari ya riga ni, an ce wa Inna jirgin 'ya'yanta ya dawo. Na tarar ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura a babbar ƙwarya ta sa ludayi biyu. Na yi sallama ta amsa, idonta na kan ƙofa a bayana. Ta daɗe tana kallon ƙofar.

"Yana ina?"

"Ya rasu, Inna."

Ta yi salati a hankali, ta zauna. Can ta ce, "A ina ka sa shi?"

"A Jan Tsandauri. Ban san ramin ba."

Ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. "To me ya ce? Shekarau ba zai tafi bai bar mini magana ba."

Na ce, "Ya yi ta ƙoƙari, Inna. Bakin ne ya ƙi buɗuwa."

Ba ta sake tambayata komai ba, ranar ko bayanta. Ta miƙa hannu ta cire ludayi ɗaya daga ƙwaryar, ta goge shi da gefen zanenta ta riƙe a cinya, ta turo mini furar ta ce in sha, na sha hanya.

Nan hikayar ta tsaya. Allah Ya jiƙan na ƙasa, Ya ba na sama haƙuri.